Darasi: Likitocin da Suka Share Fagen Tiyatar Kafaɗa da Gwiwar Hannu

Kafin a fara karatu, kowa ya ajiye littafinsa ya gwada abu uku. Ya ɗaga hannu sama har damtse ya taɓa kunne. Ya kai hannu baya ya taɓo tsakiyar gadon bayansa. Sa'an nan ya kai hannu baki kamar zai sa loma. A ajin manya da wuya a rasa wanda zai cije leɓe a ɗaya daga cikin ukun. Gaɓoɓi biyu ne ke wannan aiki, kafaɗa da gwiwar hannu, kuma mai lafiya ba ya tunawa da su sai ranar da ya kasa zura riga, ko ɗaga fartanya, ko ɗora tulu a ka.

Darasin nan zai kawo tarihin wasu likitocin tiyata, yawancinsu mutanen Turai da Amurka, waɗanda suka gano yadda gaɓoɓin nan biyu ke lalacewa da yadda ake gyara su. Sunayensu suna da nauyi a baki, kuma ba a bukatar ku haddace su duka. Abin da nake so ku sa wa ido shi ne wata ɗabi'a da za ku ga tana maimaituwa: likita ya yi aiki, ya bi sawun majiyyacinsa bayan an sallame shi, ya rubuta abin da ya faru, ko da abin bai yi masa daɗi ba.

Yadda aka gina kafaɗa

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa yawan juyawa a jikin ɗan Adam. Ƙashin damtse yana da mulmulallen kai, wanda ke zaune a wani ɗan gurbi a gefen allon kafaɗa. Haka ginin ƙugu yake, sai dai can gurbin yana da zurfi, kamar taɓarya a cikin turmi. A kafaɗa kuwa, tamkar an ɗora taɓaryar ne a kan ɗan faranti. Rashin zurfin nan shi ya ba hannu damar kaiwa ko'ina, shi ne kuma ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

Abubuwan da ke riƙe ta masu laushi ne. Akwai wani leɓe na guringuntsi da ya kewaye bakin gurbin. Akwai tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin damtse suna danne shi a mazauninsa; a darasin nan za mu kira su jijiyoyin riƙo. A samansu akwai wani rufin ƙashi, sa'an nan babbar tsokar da ke ba kafaɗa siffarta, wadda likitoci ke kira deltoyid. Ku riƙe waɗannan, domin kusan kowane likita da za mu ambata da ɗaya daga cikinsu ya yi fama.

Kafaɗar da ke yawan gocewa

Gocewar kafaɗa tsohuwar matsala ce, kuma 'yan kokawa da 'yan dambe sun san ta. Hifokiratis, likitan Girka da littattafan Larabci ke kira Buƙraɗ, ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya bayyana yadda ake kwantar da mutum, mai gyara ya sa diddigensa a hammata ya ja hannun har ƙashin ya koma. Idan kafaɗar ta riƙa gocewa a kai a kai, sai a ƙona cikin hammata da ƙarfen da aka gasa a wuta, don tabon ya ɗaure wurin. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya kawo irin wannan magani a littafinsa At-Tasrif, wanda ɓangarensa na ƙarshe ya ƙunshi tiyata da ɗori, aka fassara shi zuwa Latin, Turawa suka yi ƙarnoni suna karatu da shi. A 1870 Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya bayyana hanyar mayar da kafaɗa ta murɗa hannu a hankali, ba tare da sa ƙafa a hammata ba.

Duk waɗannan sun iya mayarwa. Abin da ya rage shi ne dalilin da ya sa wasu, musamman samari, kafaɗarsu ke sake ficewa da ɗan motsi kaɗan, wani ma yana cikin barci. Georg Perthes na Jamus ya taɓo amsar a 1906, amma Arthur Bankart, likitan Landan, shi ya tsaya a kanta har duniya ta karɓa. A 1923 ya rubuta cewa a gocewar farko leɓen guringuntsin nan yana ɓallewa daga gaban gurbin, kuma ba ya komawa ya manne da kansa. Ƙofa ta zauna a buɗe ke nan. Maganin shi ne a ɗinke leɓen a mayar da shi jikin ƙashi. A 1938 ya dawo da bayanin mutum 27 da ya yi wa aikin. Har gobe ana wannan tiyata da sunansa, ko da yake yanzu yawanci ta ƙananan huji ake yin ta da na'urar leƙa cikin gaɓa. Idan kuma bakin gurbin ya riga ya gutsire saboda yawan gocewa, ana bin hanyar Michel Latarjet na birnin Liyon a Faransa, wanda a 1954 ya yanko wani ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa ya ɗaure shi a wurin da ya gutsire.

Akwai amfani na kai tsaye a nan. Kafaɗar da ta goce ranar ake so a mayar da ita, bayan an ɗauki hoto, domin wani lokaci akwai karaya tare da gocewar, kuma ja da ƙarfi a bakin titi na iya ƙara ɓarna. Wadda aka bari ta yi makonni a waje ba ta komawa da ja, sai an fiɗe.

Codman da katinsa

Idan za a zaɓi mutum ɗaya a wannan darasi, ni Ernest Amory Codman zan zaɓa. An haife shi a birnin Boston na Amurka a 1869, ya gama karatun likita a Jami'ar Harvard a 1895, ya kama aiki a babban asibitin jihar Massachusetts. Tun yana ɗalibi halinsa ya bayyana. Shi da abokinsa Harvey Cushing, wanda daga baya ya shahara a tiyatar ƙwaƙwalwa, suka fara rubuta bugun jini da numfashin majiyyaci a takarda yayin da yake cikin maganin sa barci, don a ga haɗari kafin ya auku. Takardar da ake cikewa a ɗakunan tiyata a yau jikanyar tasu ce.

A kafaɗa, Codman ya lura da ma'aikata masu ƙarfi a jika waɗanda bayan faɗuwa ko ɗaga kaya ba sa iya ɗaga hannu gefe, alhali hoto bai nuna karaya ba. Ya gano cewa ta saman jijiyoyin riƙo ce ke tsinkewa. A 1911 ya ba da rahoton mutum biyu da ya ɗinke musu ita suka warke. Shi ne kuma ya raɗa wa sandarewar kafaɗa sunan da likitoci ke kiranta da shi a Turance, wato ciwon nan da ke kama masu shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa ga mata da masu ciwon suga, ya hana barci da dare, ya ɗauki shekara ɗaya ko biyu ko fiye kafin ya saki. Motsa jikin da ya koyar, a sunkuya a saki hannu yana lilo a hankali, masu gashin ƙashi suna koyar da shi har yanzu.

Amma abin da ya cinye rayuwarsa wani ne. A zamaninsa, da zarar an sallami majiyyaci an gama da shi. Babu wanda ke tambaya ko ciwon ya tafi, ko ya dawo, ko mutumin ya mutu a gida bayan wata uku. Girman likita da shekarunsa a aiki ake auna shi. Codman ya ce a buɗe wa kowane majiyyaci kati, a rubuta abin da ya kawo shi, da abin da aka ce yana damunsa, da aikin da aka yi, da wanda ya yi. Bayan aƙalla shekara guda a nemo shi a duba. Idan bai warke ba, a tambayi dalili: kuskuren ganewa ne, ko na hannu, ko rashin kayan aiki, ko cutar ce ta fi ƙarfin ilimin lokacin? Kuma a buga sakamakon kowa ya gani, a riƙa ƙara wa likitoci girma da shi.

Manyan asibitin ba su yi maraba da wannan ba, kuma dalilin a fili yake. A 1911 ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti nasa, a 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin. Ya buga bayanin mutum 337 da aka sallama daga asibitinsa tsakanin 1911 da 1916, a ciki ya lissafa kurakurai 123, ya rarraba su gida-gida, ya aika wa sauran asibitoci yana neman su ma su yi haka. Ku tsaya ku yi tunanin wannan. Mutum ne da abincinsa ya dogara ga mutane su yarda da hannunsa, ya ɗauki kuɗinsa ya buga inda hannun ya kuskure.

Ba mai sanyin baki ba ne, kuma hakan ya cutar da shi. A farkon 1915, a wani taron likitocin Boston, ya buɗe ƙaton zanen barkwanci na jimina ta tusa kai cikin yashi tana harbo ƙwayayen zinariya ga likitoci. Jiminar ita ce attajiran gari da ba sa tambayar sakamakon magani, likitoci kuwa suna jin daɗin rashin tambayar. Aka yi masa ca, ya rasa muƙamai, abokan aiki suka rage turo masa marasa lafiya. A ƙarshen 1917 wani jirgin ruwa ɗauke da albarusai ya fashe a garin Halifax na Kanada, Codman ya bar asibitinsa ya tafi taimako, daga nan ya shiga aikin soja. Ya dawo da bashi a wuya, asibitin kuma bai sake tashi ba.

Bai daina ba. Wajen 1920 ya fara tattara rajistar masu sankarar ƙashi daga likitocin ƙasar, don a san wane magani ne ke aiki. A 1934 ya buga littafinsa a kan kafaɗa da kuɗin aljihunsa, littafin da ake ɗauka a matsayin tubalin wannan fanni. Ya rasu a 1940. A al'adar ƙasarsu ana kafa dutse mai suna a kan kabari, shi kuwa nasa ya zauna babu alama har 2014, lokacin da ƙungiyoyin likitoci suka haɗa kuɗi suka kafa masa. Tsarin duba ingancin asibitoci da Ƙungiyar Likitocin Tiyata ta Amurka ta fara yana da hannunsa a ciki tun daga tushe.

Kafaɗar ƙarfe

Tunanin sauya gaɓa da ta ƙira ya girmi Codman a aiki. A 1893, a birnin Faris, Jules-Émile Péan ya karɓi wani mai gasa burodi ɗan shekara 37 wanda tarin fuka na ƙashi ya cinye masa kafaɗa. Mutumin ya ƙi yarda a yanke hannun. Péan ya sa wani likitan haƙori ya ƙera masa gaɓa da ƙarfen filatinam da roba mai tauri. Ta yi aiki wajen shekara biyu, ƙwayoyin cuta suka dawo, dole aka cire ta. Ilimin kashe ƙwayoyin cuta bai kai ba tukuna.

Wanda ya mayar da abin sana'a shi ne Charles Neer, wanda aka haifa a 1917 a wani ƙaramin gari a jihar Oklahoma, ɗan likita jikan likita. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu ya zauna a asibitin Jami'ar Columbia a New York. Ya fara ne da duba baya. A 1953 shi da abokan aikinsa suka bi sawun waɗanda kan ƙashin damtsensu ya farfashe kuma ya goce, suka ga duk hanyoyin da ake bi sakamakonsu bai da kyau: in an cire kan ƙashin hannu ya zama lagwani, in an bar shi ya mutu saboda jini ya daina kai masa. Sai ya ƙera kai na ƙarfe mai doguwar ƙafa da ake sokawa cikin ƙashin damtse. A 1955 ya ba da rahoton mutum 12, 11 daga cikinsu ciwo ya bar su.

A 1970 ya fitar da hanyar rarraba karayar saman damtse, bisa wani abu da Codman ya lura da shi tun 1934, cewa ƙashin wurin gida huɗu yake rabuwa. Neer ya ce a ƙidaya gutsure ne kawai idan ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkata fiye da digiri 45. Da wannan ma'auni ya bayyana cewa mafi yawan irin wannan karaya ba sa bukatar wuƙa. Rataye hannu da fara motsa shi da wuri ya wadatar. Ina ganin wannan ya kai ƙirar ƙarfen daraja, domin likitan da ya san inda ba a yanka ya tserar da mutane da yawa. A 1982 ya jagoranci kafa ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka, ya zama shugabanta na farko. Ya rasu a 2011.

Akwai wurin da ƙarfen Neer ya gaza. Idan jijiyoyin riƙo sun riga sun lalace gaba ɗaya, kamar yadda yake faruwa ga tsofaffi da yawa, babu abin da zai danne sabon kan a gurbinsa, sai ya riƙa hawa sama, hannu ya ƙi ɗaguwa. Paul Grammont na birnin Dijon a Faransa ya juya ginin a 1985. Ya ɗaure mulmulallen kan a jikin allon kafaɗa, ya sa gurbin a saman ƙashin damtse, ya kuma matso da cibiyar juyawar ciki da ƙasa, yadda tsokar deltoyid ita kaɗai za ta iya ɗaga hannu. Wasu sun gwada juyawar a shekarun 1970, har da Neer, ƙarafan suka riƙa kwancewa aka watsar. Lissafin Grammont ne ya sa ta zauna. Ya gyara ƙirar a 1991, Amurka ba ta ba da izinin amfani da ita ba sai ƙarshen 2003, yau kuwa a ƙasashe da dama ta fi ta asali yawa.

Har babban malami ana duba aikinsa

A 1972 Neer ya koyar da cewa yawancin ciwon jijiyoyin riƙo daga gogar rufin ƙashin da ke samansu yake, don haka a kankare ƙasan rufin a ba su fili. Aikin ya bazu a duniya, musamman da na'urar leƙa gaɓa ta zo, aka yi wa ɗimbin mutane. Shekaru suka shuɗe kafin a gwada shi yadda ya kamata. A Birtaniya aka ɗauki mutum 313 a asibitoci 32, aka kasa su uku da yardarsu. Kashi ɗaya aka kankare musu ƙashin. Kashi na biyu aka sa musu barci aka leƙa gaɓar kawai, ba su san ba a kankare ba. Kashi na uku ba a yi musu tiyata ba. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin kashi na farko da na biyu, kuma ɗan fifikon da suka yi wa na uku bai taka kara ya karya ba. Wani bincike a ƙasar Finland ya zo da irin wannan a shekarar. Yanzu ga mai irin wannan ciwo da jijiyarsa ba ta tsinke ba, motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi ake fara ba shi.

Wannan bai rage wa Neer daraja ba. Da bin sawun majiyyata ya gina sunansa, da shi kuma aka gyara masa inda ya zarce.

Gwiwar hannu

Gwiwar hannu ta sha bamban. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a nan, na damtse da biyu na sangalin hannu, kuma sun shiga juna sosai. Aikinta biyu, lanƙwasawa da juya tafi sama ko ƙasa. Matsalarta ba yawan gocewa ba ce, sandarewa ce. Ɗan rauni kaɗan, ko ɗauri na tsawon lokaci, sai ta ƙi miƙewa ko ta ƙi lanƙwashewa.

Bernard Morrey, mutumin Texas wanda ya yi aikin lissafi a hukumar sararin samaniya ta Amurka kafin ya karanta likita, ya zo da idon injiniya asibitin Mayo da ke jihar Minnesota. A 1981 shi da abokan aikinsa suka auna motsin da mutane ke yi a harkokin yau da kullum, kamar ci da sha da buɗe ƙofa da tashi daga kujera. Suka samu cewa lanƙwasawa daga digiri 30 zuwa 130, da juyawa digiri 50 kowane ɓangare, ta isa yawancin bukatu. Ma'anar ita ce wanda hannunsa ya ƙi miƙewa sarai da ɗan kaɗan ba lallai ne a fiɗe shi ba, amma wanda ba ya iya kai hannu baki yana bukatar taimako.

Gwiwar hannun ƙarfe ta farko an yi ta ne da maƙalli mai tsauri, duk jijjigar aiki tana sauka a inda ƙarfe ya haɗu da ƙashi, cikin 'yan shekaru ta kwance. Ralph Coonrad na jihar North Carolina ya ƙera tasa a farkon shekarun 1970, Morrey ya gyara ta: aka bar wa maƙallin ɗan sako-sako na 'yan digiri, a 1981 kuma aka ƙara wani harshe da ke kama gaban ƙashin damtse. Duk da haka ana gargaɗin wanda aka sa wa kada ya ɗaga abin da ya wuce kimanin kilo biyar a lokaci guda, ko kilo ɗaya a kai a kai. Ga manomi, ko maƙeri, ko matar da ke daka, wannan doka ce mai tsanani. Shi ya sa kare gwiwar da Allah ya halitta tun ranar da aka ji rauni ya fi kowace ƙira.

Labarin Frank Jobe na birnin Los Angeles gajere ne. A wasan besbol na Amurkawa akwai mai jefa ƙaramar ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, kuma jijiyar da ke ɗaure cikin gwiwar hannu takan tsinke, sana'a ta ƙare. A watan Satumba na 1974 Jobe ya ciro wata siririyar jijiya daga hannun dama na wani ɗan wasa bahago mai suna Tommy John, ya huda ƙasusuwan gwiwarsa ta hagu ya saƙa ta a ciki. Ya faɗa masa gaskiya cewa damar nasara kaɗan ce ƙwarai, kuma daga baya sai da aka sake yi masa aiki saboda jijiyar ji ta samu matsala. John ya koma fili a 1976, ya yi wasa har 1989. Jobe bai yi gaggawar shela ba. Sai 1986 ya buga sakamakon 'yan wasa 16, ya nuna 10 ne suka koma matsayinsu na da.

Abin da ya fi shafar gidajenmu

A 1881 Richard von Volkmann, likitan garin Halle a Jamus, ya bayyana wani abu da ya riƙa gani: hannun da aka ɗaure tamau bayan karaya, aka kwance aka tarar yatsu sun ƙanƙance sun lanƙwashe, ba sa miƙewa har abada. A da ana cewa jijiyar ji ce ta shanye. Volkmann ya nuna cewa jini ne ya daina isa ga tsokokin sangalin hannu, suka mutu, suka zama tabo mai jan yatsu.

Karayar da ta fi jawo wannan ita ce ta ƙasan damtse, dab da gwiwar hannu, wadda yara 'yan shekara biyar zuwa goma ke samu idan sun faɗo daga mangwaro ko katanga suka dafa ƙasa. Babbar jijiyar jini ta hannu a gaban wurin take wucewa. Wurin yana kumbura sosai a kwana biyun farko, idan kuma an zagaye shi da karare an ɗaure da ƙarfi, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ciki. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da sa'o'i shida zuwa takwas. Likitocin ƙashi na Nijeriya sun sha rubutawa a mujallun likitanci game da yaran da aka kawo musu hannu ya riga ya yi baƙi, babu abin yi sai yankewa.

Ba a kawo wannan don a ci mutuncin masu ɗorin gargajiya ba. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma karaya da yawa tana haɗewa a hannunsu. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi, kuma a asibitin Turai Volkmann ya ga abin da ya gani. Ko wa ya yi ɗaurin, alamomin haɗari ɗaya ne: ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yaro yana ihu idan an miƙar masa da yatsu, yatsun sun kumbura ko sun yi sanyi ko sun canza launi, ko ya ce ba ya jin su. Kada a ce masa ya daure, kada a jira gari ya waye. A sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Haka kuma bayan an kwance, kada a riƙa murza gwiwar ana miƙe ta da ƙarfin tsiya, domin hakan na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka ta ƙara sandarewa. A bar yaro ya riƙa motsa ta da kansa.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Inugu, da asibitocin koyarwa na jami'o'i, suna da likitocin da suka karanci ayyukan mutanen nan. Idan sun rubuta muku ranar dawowa, ku koma ko da kun ji sauƙi, ku tafi da katinku da hotunanku. Ta haka ne likita ke sanin ko abin da ya yi ya yi amfani.

Tambayoyi da aikin yi

1. Me ya sa kafaɗa ta fi ƙugu saurin gocewa, kuma me Bankart ya gano game da wadda ke gocewa a kai a kai?

2. Waɗanne abubuwa Codman ya ce a rubuta a katin majiyyaci? Me ya sa abokan aikinsa suka ƙi?

3. A binciken da aka buga a 2018, don me aka yi wa kashi na biyu tiyatar leƙawa kawai? Ku tattauna ko za ku yarda a sa ku a irin wannan bincike.

4. Ku faɗi alamomin da ke nuna ɗauri ya matse hannun yaro, da abin da za a yi nan take.

5. Kowa ya tuna wani da ya taɓa karaya ko gocewar ƙashi a gidansu ko unguwarsu. Ba tare da rubuta sunansa ba, ku yi masa kati irin na Codman: yadda ya ji raunin, inda aka kai shi, abin da aka yi masa, da yadda hannun yake bayan shekara guda. A zo da katunan aji na gaba a karanta su tare.